Kibiyar Kwamfuta Na Rawa Ko Tsalle? Ga Yadda Ake Bin Matsalar Daki-Daki

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Damagaram, ba a rufe mako ba tare da wani ya shigo shagona ko ya turo saƙo ta WhatsApp da magana ɗaya ba: "Malam, kibiya ta ƙi tsayawa." Ɗalibai masu rubutun kammala karatu a Jami'ar André Salifou, sakatarorin ofisoshi, masu shagunan buga takardu, kowa da irin bayaninsa, amma kusan duka sun riga sun yanke hukunci cewa birus ce ta shiga. Shi ya sa na ga gara in rubuta hanyar da nake bi, kowa ya gwada da hannunsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani ɗalibi da ya zo bara idonsa jawur. Ya kai injinsa wani wuri, aka ce sai an fomata, wato a goge komai a sake girka Windows, aka fomata, babi uku na aikinsa suka tafi. Ya koma gida ya kunna, kibiya na nan tana tsallenta. Na juya linzamin, wanda mu nan muka fi kira suri, na haska fitilar waya a idonsa, sai ga silin zaren darduma kwance a bakin ramin. Na cire da tsinken auduga, magana ta ƙare. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Don haka tsarin da ke ƙasa ya fara ne daga abin da ba ya cin ko dala, kuma ina roƙo a bi shi a jere, a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba. Wanda ya canza abu biyar a tare, ko ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, gobe in ta dawo sai ya sake daga farko.

Kayan da za ka tanada: tsinken auduga irin na goge kunne, tsumma mai laushi busasshe, farar takarda ɗaya, ɗan alkol na famasi, linzami na aro wanda ka tabbatar lafiyarsa lau, da sababbin batura in naka marar waya ne.

1. Adana aikinka, ka koyi tafiya ba linzami

Kafin komai, danna Ctrl da S. Kibiya mai tsalle tana iya jan fayil ta jefa shi wata jaka, ko ta zaɓi rabin rubutu ka goge ba ka sani ba.

Yawancin matakan gaba ana iya yin su da madannai kawai. Maɓallin Windows tare da R yana buɗe ƙaramin akwatin da ake rubuta umarni. Tab yana kai ka daga wuri zuwa wuri, maɓallan kibau huɗu suna hawa da sauka, Entrée yana tabbatarwa, dogon maɓallin tazara yana sa alama ko cire ta, Alt da F4 suna rufe taga. Zan riƙa ba da gajerun umarni irin su main.cpl ne saboda suna aiki ko injinka da Faransanci yake, ko kuwa irin waɗanda ake kawowa daga Kano ne masu Turanci. Sunayen wurare kuma zan ambace su yadda suke a na Faransanci, tunda shi ya fi yawa a hannunmu.

2. Tsaya ka kalli irin rawar

Ɗauke hannunka daga linzamin ka zuba wa allo ido minti ɗaya. Rawar ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace tana nuna inda za a dosa.

In kibiya tana kakkarwa a wuri ɗaya kamar mai jin sanyi, ko ka ja ta dama ta yi tsalle ta faɗa kusurwa, tebur ne ko idon linzamin. In tana tafiya sai ta daskare daƙiƙa biyu ta ci gaba, musamman in ana jin ƙarar nan ta cirewa da sa abin USB, waya ce, ko ramin, ko baturi. In tana jan ƙafa tare da duk sauran injin, har rubutu ma yana makara kafin ya fito, nauyi ne ya yi wa kwamfutar yawa. In kuma tana silalewa a hankali gefe ɗaya ba wanda ya taɓa ta, zare linzamin gaba ɗaya. Ta tsaya? Laifinsa ne. Ta ci gaba da tafiya? To ba a nan gizo ke saƙa ba, wuce mataki na 6.

*Gargaɗi:* in ka ga kibiya tana tafiya kamar mai hankali, tana buɗe jaka, tana danna abubuwa a tsare, kada ka tsaya kallo. Zare wayar intanet ko ka kashe wifi nan take, ka tafi mataki na 10.

3. Abin da linzamin ke kai

Linzamin zamani yana da ƴar fitila da ƙaramar kyamara a cikinsa. Yana ɗaukar hoton abin da ke ƙarƙashinsa sau ɗaruruwa zuwa dubbai a daƙiƙa ɗaya, yana kwatanta wannan da wancan don ya gane inda aka ja shi. In wurin santsi ne mai sheƙi, ba ya ganin komai da zai kama. Shi ya sa yake haukacewa a kan teburin gilashi, fomika mai walƙiya, karo, da ledar nan mai furanni da ake shimfiɗa wa tebur don kwalliya. Tabarma da katifa da cinya su kuma ba su da shafe, idon yana nisa yana kusa.

Shimfiɗa farar takarda a kan abu mai tauri ka gwada. In kibiya ta natsu, ka gano. Takarda ta wucin gadi ce, tana datti da wuri; nemi ɗan tapin linzami mai launi ɗaya, baƙi ko toka, ba mai hotuna da sheƙi ba. Wanda yake da tapi tuni ya kakkaɓe shi, ya goge da tsumma mai ɗan laima, ya bari ya bushe sarai. A watannin ƙura ni kullum da safe nake kakkaɓe na shagona, domin yashin da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa cikin dare ɗaya ya isa.

4. Share idon

A nan mafi yawan waɗanda ke zuwa wurina suke samun sauƙi, don haka a yi shi da natsuwa. Zare linzamin, ko ka kashe shi in marar waya ne. Juya shi, haska fitilar wayarka cikin ramin. Abin da kake nema ƙanana ne: silin gashi, zare, ƙwayar yashi, ko wata ƴar dunƙulen ƙura da ta haɗu da maiƙon hannu. Sa busasshen tsinken auduga ka juya a hankali. In akwai abin da ya manne, ɗiga alkol kaɗan a audugar, ka matse ta har sai ta kusa bushewa, sannan ka shafa. Jira minti biyu kafin ka mayar.

Duba kuma ƴan takalman roba da ke ƙasan linzamin. Datti yana taruwa a gefensu ya yi kauri, sai linzamin ya ɗan karkace. Kankare da farce. In ɗaya ya ɓalle ya faɗi, tazarar ido da tebur ta canza ke nan, kuma wannan kaɗai yana sa tsalle.

*Gargaɗi:* kada ka zura allura, tsinken sakace ko bakin almakashi. Ruwan tabaran da ke ciki roba ce, in ta ƙarzu ba ta gyaruwa. Kada ka zuba ruwa, fetur ko turare. Kada kuma ka kafa ido cikin ramin alhali linzamin na kunne. Wasu suna aiki da hasken da ido ba ya gani, rashin jar fitila ba ya nufin a kashe yake.

Har yanzu akwai ofisoshin da ke da tsohon linzami mai ƙwallo a ciki. Shi ana murɗa zoben ƙasan a fitar da ƙwallon, a kankare daskararren dattin da ya naɗe ƴan sandunan da ƙwallon ke juyawa, a goge ƙwallon a mayar.

5. Waya, rami da baturi

Wayar linzami takan karye ne daga ciki, daidai inda ta shiga jikinsa ko kusa da kan USB, fatar waje kuma lafiya lau. Masu naɗe waya tam a jikin linzami su cusa a jaka su ne suka fi gamuwa da wannan. Riƙe linzamin a tsaye da hannu ɗaya, ka lanƙwasa wayar a hankali da ɗayan. In jar fitilar ta ƙifta, ko injin ya yi ƙarar cirewa, wayar ta gama aiki.

Sai ka canza rami. A babbar kwamfuta ta tebur, ramukan baya sun fi aminci domin a jikin uwar allon, wato babban allon cikin injin da komai ke haɗe da shi, suke kai tsaye, na gaba kuwa wata siririyar waya ce ke haɗa su, kuma su ne ke shan wahalar sa kile da cirewa. In kana amfani da ƙaramin abin nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu, cire shi ka sa linzamin shi kaɗai.

Yanzu lokacin linzamin aro ne. Sa shi a injinka, ka kai naka wani injin. Wannan musayar ta minti biyar ta fi duk wani dogon bincike. Matsala ta bi linzaminka zuwa can? Sayi wani. Ta zauna a injinka duk da sabon linzami? Ci gaba da karatu.

*Gargaɗi:* linzami mai zagayayyen kai kore, wanda ake kira PS/2, ba a cire shi ko sa shi injin na kunne. Kashe tukuna, ka kuma duba ƴan ƙusoshin ciki kada su lanƙwashe.

Marar waya yana da nasa halin. Fara da sabon baturi, ba wanda aka ciro daga rediyo ko tocila ba. Baturi mai rauni yana iya kunna fitila amma saƙon ya riƙa yankewa. In ka ga farin gari a bakin ƙarfen da baturi ke taɓawa, tsohon ya zuba ne, goge shi tas. Sannan ɗan ƙaramin kan da ake sa wa a USB: yana magana da linzamin a zangon 2.4 GHz, zangon da wifi da Bluetooth ke cunkushe a ciki. Ramukan USB 3.0, waɗanda galibi cikinsu shuɗi ne, suna fitar da hayaniya a wannan zangon idan aka sa musu kile ko diski na waje, abin da kamfanin Intel ya yi bayaninsa tun 2012. Don haka in kan linzamin yana maƙwabtaka da diski a shuɗin rami, raba su. Mayar da shi baƙin rami, ko ka sa ƴar wayar ƙari ka kawo shi kan tebur kusa da hannunka. Injin da ke ƙarƙashin teburin ƙarfe, kan linzamin kuma yana bayansa, shi ma haka za a yi masa.

6. In kwamfutar hannu ce, ko an zare linzami kibiya ba ta tsaya ba

Faifan shafawa da ke gaban madannai yana jin gumi da laima. A bazara, tafin hannu mai gumi yana goga shi kana rubutu, kibiya ta tashi ta faɗa tsakiyar wani layi. Goge shi da busasshen tsumma. In kana aiki da linzami na waje, shiga Paramètres, ka nemi Pavé tactile, ka cire alamar da ke cewa a bar shi a kunne idan an haɗa linzami.

Ga gwajin da mutane da yawa ba su sani ba: zare caja, ka bar injin a kan baturinsa. In kibiya ta natsu nan take, ta kuma koma rawa da ka mayar, cajar ce. Caja marar kyau, ko wadda aka karya mata ƙafa ta uku don ta shiga soket, tana zubo hayaniyar lantarki a jikin injin, faifan kuma ya ɗauka yatsa ne. Na sha ganin haka a wuraren da ke aiki da ƙaramin janareto ko inbata mai arha ta sola. Wata Hajiya mai shagon buga takardu ta ce mini, "Ɗana, da rana lafiya lau take, sai an tada janareto take wannan abin." Maganarta ce ta ba ni amsar tun ban buɗe komai ba. Gwada wata caja ta asali mai ƙarfi daidai da wanda aka rubuta a ƙasan injin, da wani soket ɗin.

*Gargaɗi:* kalli faifan daga gefe. In ya ɗago, ko dannawa ta yi tauri, ko ƙasan injin ya yi tozo, baturin ciki ne ya kumbura yana tura shi. Zafin garinmu yana gaggauta wannan. Kashe injin, daina caji, kada ka danna, kada ka huda. Baturin lithium da aka huda yana kama wuta. Kai wa mai gyara ya cire shi.

Cire kuma duk wani abin da ke iya tuƙa kibiya: hannun wasan bidiyo, allon zane, ko kan wani tsohon linzami marar waya da aka manta a baya, shi kuwa linzamin yana cikin aljihun tebur ko hannun yaro. Injin mai allon taɓawa, in allon ya tsage ko ya yi datti, yakan riƙa danna kansa. Akwai kuma tsarin da ke mayar da maɓallan lambobi na dama su zama linzami, wanda Alt na hagu da Maj na hagu da Verr Num ke kunnawa. In yana kunne kuma ƙura ta maƙale maɓalli ɗaya, kibiya za ta yi ta tafiya gefe guda.

7. Saitunan kibiya

Windows da R, rubuta main.cpl, danna Entrée. Je shafin Options du pointeur. Mayar da ma'aunin gudu tsakiya. Cire alamar Améliorer la précision du pointeur ka gwada. Wannan saitin yana sa nisan tafiyar kibiya ya danganta da saurin hannunka, kuma da linzami mai arha yakan zama kamar tana yin gaban kanta. A ƙasa akwai wani da ke cewa a kai kibiya kai tsaye kan maɓallin da aka fi zaɓa idan akwatin tambaya ya buɗe. In da alama a kansa, cire, domin shi ne ke sa ta yi tsalle duk lokacin da aka tambaye ka eh ko a'a.

Duba bayan ƴar tayar linzamin. Wasu suna da ƙaramin maɓalli mai rubutun DPI, kowace dannawa tana canza gudu, misali daga 800 zuwa 1200 zuwa 1600. Yatsa yana taɓa shi ba a sani ba. Danna har ka dawo gudun da ka saba.

Masu Ubuntu, wani tsari da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, da masu Mac su ma suna da ma'aunin gudu a saitunan linzami, kuma duk matakan da suka gabata sun shafe su daidai.

8. In injin ne ya gaji

Danna Ctrl da Maj da Échap. A jerin da zai fito, kalli Processeur, Mémoire da Disque. In ɗaya ya kafe a 100%, kibiya ba ta da laifi, jira take a ba ta hanya. Injinan hannu na biyu masu ƙwaƙwalwa 4 Go da tsohon diski mai juyawa suna yawan yin haka idan Windows na sauke sabuntawa, ko an buɗe shafuka ashirin a Chrome. Rufe abin da ba ka bukata. In sabuntawa ce, bar ta ta gama.

Saurari fanka. In tana ihu, iskar da ke fita kuma ba ta da ƙarfi, ƙura ta toshe hanyar, injin yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Wannan sharar ciki yake so. Kada a ɗora kwamfutar hannu kan katifa ko darduma.

9. Direba da tsimin wuta

Sai yanzu muka iso manhajar da ke haɗa linzami da Windows. Fara da Redémarrer, ba Arrêter ba: a Windows 10 da 11, kashewar yau da kullum tana adana wani sashe na tsarin ta dawo da shi yadda yake, sake kunnawa ce ke wanke shi.

In ba ta yi ba, Windows da R, rubuta devmgmt.msc. Buɗe Souris et autres périphériques de pointage, zaɓi linzaminka, ka yi Désinstaller l'appareil. In matsalar ta fara ne bayan wata sabuntawa, duba shafin Pilote ko Restaurer le pilote yana dannuwa, ka fara da shi.

*Gargaɗi:* da ka cire direban, linzamin zai mutu har sai an sake kunnawa. Adana komai tukuna. Sannan Windows da R, rubuta shutdown /r /t 0, danna Entrée. Windows zai mayar da direban da kansa. Kada ka sauke manhajojin nan da ke alkawarin gyara dukkan direbobi da dannawa ɗaya. Linzami na yau da kullum ba ya bukatar komai daga waje, kuma ta irin wannan ƙofar ce ainihin birus ke shigowa.

A wannan tagar dai, sauka zuwa Contrôleurs de bus USB, buɗe kowane Concentrateur USB racine, je Gestion de l'alimentation, ka cire alamar da ke ba injin izinin kashe ramin don tsimin wuta. Wannan yana maganin kibiyar da ke daskarewa bayan an ɗan bar ta.

10. Sai yanzu maganar birus

Riƙe Maj ka danna Redémarrer. Zaɓi Dépannage, Options avancées, Paramètres de démarrage, Redémarrer, sannan F4. Injin zai tashi a Mode sans échec, inda Windows kaɗai ke aiki da ƴan abubuwan dole. In kibiya lafiya lau take a nan, wata manhaja da aka sa ce ke dagula ta. Koma ka rubuta appwiz.cpl, jera su bisa kwanan wata, ka cire na baya-bayan nan ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa.

*Gargaɗi:* wasu sababbin injina diskinsu a kulle yake da BitLocker, kuma za su iya neman makulli mai lamba 48 a wannan hanyar. Tabbatar kana da shi a asusunka na Microsoft kafin ka fara.

A jerin, nemi AnyDesk, TeamViewer da ire-irensu. Manhajoji ne na halal da ake taimakon mutum daga nesa da su, amma in ba kai ka sa ba, ko wani mai gyara ya sa ya bari, cire su. Wanda ya ga kibiyarsa tana aiki kamar da hannun mutum ya canza kalmomin sirrinsa na imel da Facebook da banki daga wata na'urar daban, ba daga wannan ba. Bayan haka a yi cikakken bincike da Sécurité Windows. Masu Windows 7 su sani an daina ba shi kariya tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma tallafinsa na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025.

11. Abin da za ka kashe, da lokacin zuwa wurin mai gyara

Daga mataki na 1 zuwa na 10, in ban da baturi da tsinken auduga da alkol, gwaje-gwajen kansu ba sa cin kuɗi. Linzami mai waya nakan same shi tsakanin jika biyu da jika huɗu gwargwadon ciniki, marar waya ya fi haka. Ga shagon da mutane da yawa ke taɓa inji ɗaya, ni mai waya nake ba da shawara: ba baturi, ba ƙaramin kan da zai ɓace. Ka ce mai shago ya sa maka shi a inji, ka zana da'ira a hankali a kan takarda ka ga ko kibiya na bi sumul. Wanda wayarsa ta karye bai cancanci kuɗin gyara ba, sai in kai da kanka ka iya like waya da dalma.

In ka gwada linzami biyu masu lafiya a dukkan ramuka, har a Mode sans échec tana rawa, to saura gwaji ɗaya: a tada injin da Ubuntu daga kile ba tare da an girka shi ba. In a can ma haka take, ramukan USB ne ko uwar allon, kuma fomatawa ba za ta taɓa su ba. In a can ta natsu, Windows ne, sai a yi maganar sake girka shi. Ko a nan, kwafe takardunka da hotunanka a kile ko diski na waje da hannunka, ka buɗe su a wani injin ka tabbatar suna buɗuwa, sannan ka miƙa. Ka kuma rubuta wa mai gyaran matakan da ka riga ka bi a ƴar takarda, don ya fara daga inda ka tsaya.